Ranar da Na Raina Tamanin ɗin Malam Habu

Ba zan taɓa mantawa da ranar da muka kai Hauwa ɗakinta a Baure ba. Ko na so in manta ma dangi ba za su bari ba, don har gobe akwai masu ajiye da muryata a wayoyinsu.

Hauwa 'yar yayana ce, amma a hannuna ta tashi tun daga yaye. Ni na yi mata kitson farko, ni na koya mata tuƙa tuwo. Da auren ya zo, babu wanda ya tsaya tambayar wa zai riƙe hannunta ya shigar da ita ɗaki ya damƙa amanarta ga dangin miji. Kowa ya san aikin Gwaggo ne. Ni kuwa ba mai fita ba ce. Daga tsakar gidana sai gidan suna ko gaisuwa a nan cikin Daura, galibi ma a ƙafa. Saboda haka tafiyar nan ta Baure na ɗauke ta kamar za ni Makka. Na yi ɗinkin farin leshi, na sa aka naɗa min ɗankwali mai hawa-hawa, na kuma dafa wa amarya farfesun kaza da hannuna, mai manja da attaruhu yadda take so. Na zuba a kula na ce a cinyata za ta yi tafiyar (murfin ya ɗan saki, na sani, na ce ai ba nisa).

Motar amarya Malam Habu aka ba wa, wani dattijo maƙwabcinmu da ya tsufa yana tuƙi. Muna fita gari motocin abokan ango suka fara wuce mu, fiu, fiu, 'yan mata na leƙo kai suna guɗa. Ni ban iya karatun allurar nan ta gaban direba ba, amma ina da kunne. Na ji injin motarmu yana wani irin gurnani na mai jin barci. Na tambayi Malam Habu ko motar ba ta da lafiya ne. Ya ce lafiyarta ƙalau, tamanin yake yi, kuma tamanin doka ta yarda a irin wannan titin, in an shiga gari ma hamsin ne. Na ce masa doka ba ta san amarya muka ɗauko ba. Ya ce saboda amaryar ma yake tamanin ɗin.

Allah Ya yafe min, babu irin tsiyar da ban yi wa bawan Allahn nan ba. Na ce da na san haka ne da jaki na ɗauko mata. Na ce in muka ci gaba a haka, sai dai mu tarar ana shirin suna. Matan da ke motar suna ta dariya, ni kuma kaina yana ƙara girma. Shi dai hannunsa biyu a kan sitiyari, bai ko kalle ni ba.

A Zango aka tsaya sallar La'asar. A nan na ji Nura, babban abokin ango, yana cika baki wai shi in ya taka motarsa, kafin mai shayi ya gama fifita wuta ya isa Baure. Raina ya biya. Na raya a zuciyata in na riga kowa zuwa, zan duba jeren ɗaki, in kunna turaren wuta, in tsaya a bakin ƙofa in tarbi 'yata da guɗar da sai an yi shekara ana zancenta. Na sunkuya na gaya wa Hauwa zan yi gaba. Sai ta damƙe gefen mayafina ta cikin lulluɓi. Na zare a hankali na ce mata yanzun nan za ta same ni. Na ɗauki kulata na shige gaban motar Nura, ƙawayen amarya biyu suna baya. Ya ce in ɗaura bel, na ce zai yamutsa min leshi.

Gaskiya da farko na ji daɗi, ba zan ɓoye muku ba. Iska na kaɗa ni, itatuwa na gudu baya, gonakin gero sun zama kamar shimfiɗaɗɗen zane guda. Muka wuce mota ɗaya, muka wuce ta biyu. Na ce wa Nura ashe akwai maza a garin nan, ya ƙara wuta. Ya ce ɗari da ashirin yake yi yanzu, na ce ya cika min ita, can ya ce ga ɗari da arba'in. Daɗi ya kai min har ka, na ciro waya don in yi wa guruf ɗin dangi albishir. Ni ba na rubutu, saƙon murya nake turawa, kuma an koya min yadda ake tura yatsa sama abin ya riƙa ɗauka da kansa. Na gyara murya na ce, "Jama'a, ku gaya wa Malam Habu ga mu nan a ɗari da arba'in, in ya iso jibi ya tarar mun ci mun sha."

Ban rufe baki ba kunnena ya gaya min akwai matsala. Kukan motar ya canza, ya koma wani siririn fito, ƙofar da ke gefena tana karkarwa. Na ɗaga ido sai ga wani ƙauye a gabanmu, ranar kasuwarsu ce, mutane cike da bakin titi. Akwai allo mai lamba a gefen hanya, mun wuce shi kamar ba a kafa ba. Sai ga wani tsoho yana tsallakawa da amalanken shanu, jikarsa zaune a kan buhuna.

Nura ya taka birki. Tayoyi suka yi ƙara, motar ta yi dama ta yi hagu, ta goga wa ƙarshen amalanken iska kawai, sannan ta hau tudun nan da ake yi a titi don rage gudu. Na tashi sama, kaina ya daki rufi, ɗankwalina mai hawa-hawa ya koma faifai. Kula ta buɗe. Farfesu tun daga ƙirjina har ƙafa, cinyar kaza guda ta maƙale a wuyan rigata. Abin da na riƙa faɗa a wannan lokacin ban san na faɗa ba sai daga baya.

Da motar ta tsaya, abin da na fara gani yarinyar nan ce ta kan amalanke. Ba ta yi kuka ba, kallonmu kawai take, hannunta riƙe da rake. Har yau in na tuna tazarar da ke tsakaninta da hancin motar nan sai in yi istigfari.

Jami'an kiyaye haɗurra suna wajen kasuwar, sun ga komai. Suka sa aka tura motar bayan wata babbar mota da ke sauke kaya. Babbansu ya tambayi Nura ko bai ga allon hamsin ba, ko kuwa wani yake kai wa asibiti. Yaron nan da ɗazu yake cika baki ya nuna ni da yatsa ya ce, "Wallahi Yallaɓai, Gwaggo ce ta ce in ƙure maleji." Jami'in ya dube ni sama da ƙasa, ya dubi cinyar kazar, ya ce, "Hajiya, da girmanki?" Da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

Ana cikin haka na jiyo gurnanin nan na mai jin barci yana tahowa. Motar Malam Habu ce, ko cikin motoci dubu zan gane ta. Maimakon in fito in tsayar da su, kunya ta sa na laɓe bayan rumfar mai albasa har suka wuce a hankali abinsu. Na lalubo wayata a ƙarƙashin kujera, na ga tana ta ƙirga lokaci, na danna koren nan kamar yadda na saba. A zatona kashewa na yi.

Motar Nura dai ba su sake ta ba. A bayan wata a-kori-kura mai ɗauke da tumaki muka ƙarasa Baure ni da 'yan matan, tana tafiya kamar ana tura ta, ban kuwa nemi direban ya ƙara wuta ba.

Tun daga bakin layin gidan ango na jiyo wata mata tana kururuwa a cikin waya, ana sheƙa dariya. Na ce wannan muryar na san ta. Ashe komai ya shiga guruf, tun daga ɗari da arba'in har zuwa "da girmanki". Ga ni nan ina salati, ina kiran sunan mahaifiyata da ta daɗe da rasuwa, ina roƙon Malam Habu gafara, ina alkawarin azumi, har da cewa a gaya wa maigidana ni na fasa masa tabarau ba yara ba. Da farko an tsorata, amma da 'yan matan suka buga waya suka ce kowa lafiya, sai tsoron ya koma biki. Surukan Hauwa ma an tura musu.

Na yi niyyar in sulale ta baya in nemi zanen aro. Sai na ga motar amarya tsaye a ƙofar gida, mata sun kewaye ta. Ashe tun da suka iso Hauwa ta ƙi fitowa. An lallashe ta, uwar ango da kanta ta fito, ta ce ita babu mai shigar da ita sai Gwaggonta. Mata suka dare min hanya, kowa ya toshe baki da mayafi. Na buɗe ƙofar, ina warin attaruhu, na miƙa mata hannu. Ta ɗaga lulluɓi kaɗan, idonta jawur, ta dube ni, sai kafaɗunta suka fara rawa, ban san ko kuka ba ne ko dariya. Ta ce a hankali, "Gwaggo, kin ce yanzun nan zan same ki."

Haka na shigar da ita, da ƙafar dama, da bisimilla, da tambarin manja na yatsuna biyar a hannun rigarta. Guɗar da na yi tanadi kuwa ko fita ba ta yi ba. Da na zo damƙa amana na ce su riƙe ta a hankali, su bi ta sannu, sai wata tsohuwa daga cikin dangin ango ta ce in sha Allahu ba za su wuce tamanin ba.

Da za mu koma na je na tsaya a gefen motar Malam Habu kamar marainiya. Ya buɗe min gaba, ya shimfiɗa buhu a kan kujera saboda manja. Ni da kaina na jawo bel na ɗaura. Tun daga ranar, duk motar da na shiga kunnena yana kan inji, da na ji ya fara siririn fiton nan sai in taɓa kafaɗar direba in ce ɗana, akwai mai jirana, kuma da raina take son ganina. A gida kuwa sunana ya tashi daga Gwaggo ya koma Ɗari-da-Arba'in, har jikoki. Maigida ma ya yafe zancen tabarau, amma ya ƙi goge saƙon.