Kundin Tabawa da Reshen Farfesa

A wani daji mai yawan masana, dabbobi sun kafa jami'a a gindin wata tsohuwar tsamiya. Cikin ɗalibanta akwai bushiya mai suna Tabawa, wadda ke rubuta kundin digiri a kan inda kunamu ke ɓuya da rani. Wa'adinta ya zo ƙarshe: in ruwan farko ya sauka ba a sa wa kundin hannu ba, za a goge sunanta. Ga shi uwarta ta riga ta umarci dangi su fara kiranta Dakta.

Mai duba aikin ita ce Farfesa Hawainiya, mai ilimi ƙwarai, sai dai ra'ayinta na bin launin jikinta, launin kuma na bin inda ta zauna. Ranar da Tabawa ta fara kai kundin, Farfesa na kan ɗanyen reshe, ta ce, "Ba laifi, bar shi in duba." Da ta dawo karɓa, ta tarar da ita a kan busasshen kututture.

"Wannan aiki ya yi tsawo, 'yar nan. Mai ilimi ba ya surutu. Je ki rage."

Tabawa ta rage. Ta kawo, Farfesa na kan jar ƙasa.

"Ina sauran? Digiri kike nema ko gaisuwa kika zo yi? Je ki ƙara."

Haka aka yi ta yi, a rage, a ƙara, a mayar da babin farko ƙarshe, har ƙayar bayan Tabawa ta fara zuba don baƙin ciki. Ta yi kuka, ta rantse ta bar karatu, gari ya waye ta koma.

Da hadari ya fara haɗuwa a gabas, sai ta tuna sana'arta ai lura da halin dabba ce. Ta ajiye kunamu, ta laɓe tana nazarin Farfesa. Ranar da ta ga ta hau ɗanyen reshen nan na farko, ta ruga gida, ta tono kundinta na asali wanda ba a taɓa ko harafi a cikinsa ba, ta karkaɗe ƙura, ta kai.

Farfesa ta karanta da ido ɗaya, ɗayan yana bin ƙuda.

"Yauwa! Yanzu kika fara jin gyara. Dubi yadda aikin ya nuna. Da kin biye wa taurin kanki, ina za ki kai nan?"

"Allah ya ƙara girma, ranki ya daɗe," in ji Tabawa, kanta a ƙasa.

Saura majalisar jarrabawa. Shugabanta Dakta Aku ne, wanda bai yarda da magana ba sai wani babba ya riga ya faɗe ta. Ya gyara murya.

"Kin rubuta cewa kunama na ɓuya a ƙarƙashin dutse da rani. Wa ya faɗi haka?"

"Da idona na gani, ranka ya daɗe. Har harbina ta yi."

"Harbi ba hujja ba ne. Kunama na ɓuya a ƙarƙashin dutse da rani. Kunama na ɓuya a ƙarƙashin dutse da rani! Ina tambayarki, daga bakin wane masani aka ji wannan?"

Iska ta taso, ana jin ƙamshin ƙasa. Sai Tabawa ta ɗago kai.

"Daga bakinka, ranka ya daɗe. Yanzun nan, har sau biyu, a gaban shaidu."

Dakta Aku ya kumbura gashin wuyansa, ya ce lalle yarinyar ta san manyan fagen. Ya umarta a sa sunansa a manazarta. Ana sa hannu, yayyafi ya fara.

A shafin godiya Tabawa ta rubuta cewa ba don gyare-gyaren Farfesa Hawainiya ba, da ba ta taɓa sanin darajar abin da ta fara rubutawa ba. Farfesa ta sa an rataye shafin a ofishinta, tana nuna wa sababbin ɗalibai.