Ranar da Na Zama Makanikin Bindiga

Ba zan taɓa mantawa ba, ni ne mutumin da ya tafi burge suruki da bindiga ya dawo yana sharar hawaye.

Aikina a Riyad gyaran mukayyif ne, wato na'urar sanyaya ɗaki, a wani kulob na koyon harbi da ke bayan gari. Sana'a ce mai rufin asiri, amma a lokacin gani nake ba ta da daɗin faɗa. Shi ya sa ranar da na je unguwar Jaradiya gaida Baba Ila, mahaifin Saudatu da nake neman aure, ya tambaye ni aikina, sai bakina ya riga hankalina: "Bindigogi nake gyarawa, Baba." (Ban san cewa kafin ya zama direba a Saudiyya farauta ya gada a Maradi ba. Da na sani, da jirgin sama na ce.)

Tsohon ya gyara zama. "Madalla! Ka kai ni in gani, yaro. Na daɗe ban ji ƙamshin albarushi ba."

Na garzaya wajen Ustaz Usman, ɗan Sudan mai koyar da harbi, na roƙe shi ya rufa min asiri. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Mafi mushkila, babu damuwa, zan ma kira ka muhandis, wato injiniya." Ya zaɓo min wadda zan harba a gaban tsohon, wata bindiga mai ɗora wa kanta harsashi, an ɗaura mata katim a baki, abin nan mai rage ƙara. Ya yi min bayani cewa hayaƙin harsashin da aka harba ne ke komawa baya ya ɗora na gaba, kuma idan da katim hayaƙin yakan yi yawa, sai an rage shi ta wani ɗan noti. "Na daidaita shi. Kai dai kada ka taɓa." Na ce to, maganar ta bi ta bayan kunnena.

Ranar da Baba Ila ya zo kulob ɗin, na sha farar jallabiya mai guga, na yi wanka da turare. Ustaz ya juya ɗauko mana abin toshe kunne, sai Baba Ila ya nuna notin nan da yatsa. "Wannan fa, mene ne aikinsa?"

To, ni a sana'ata ba a taɓa kirana a ce in rage gas ba, kullum ƙarawa ake yi. Na gyara murya na ce, "Nan ne numfashinta, Baba. Wani ya shaƙe ta." Na murɗe shi har ƙarshe. Gilashin kare ido ma na ture shi saman goshi, don a san tsohon hannu ne ya zo.

Ustaz ya dawo ya tsaya a bayana. "Yalla, ya muhandis."

Harbin farko, wani baƙin hayaƙi mai yaji ya watso min a fuska. Na daure na ƙara, saboda Saudatu. Idona ya rufe ruf, hanci ya ɓalle, hawaye shaɓe-shaɓe. Ana cikin haka kwanson harsashi mai zafi ya daki katangar gefe ya faɗa min ta wuyan jallabiya, ya gangara gadon baya. Ustaz ya yi wuf ya karɓe bindigar, ni kuwa na shiga tsalle ina kiran sunan innata da ke Kano.

"Ya muhandis," in ji Ustaz, yana duba notin, "wa ya taɓa wannan?"

Allon da na auna kuwa fes yake, ko ƙwarzane babu.

Baba Ila ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce, "Mu a Maradi sai nama ya faɗi ake rawa."

A motarsa muka koma gari. Na ga fuskata a madubi kamar gindin tukunya, na tabbata aure ya bi ruwa. Kunya ta ishe ni, raina ya ɓaci ƙwarai, don da gaske nake son yarinyar nan. Da muka kusa unguwar Suwaidi na ce, "Baba, ƙarya na yi maka. Mukayyif nake gyarawa."

"Na sani," in ji shi, bai ko ɗauke ido daga titi ba. "Saudatu ta gaya min tun kafin ka tako gidana. Na falona tun azumi wuta yake hurawa, muna ta dafuwa. Jira nake ka faɗi gaskiya in ce ka duba min, kai kuma ka nace sai bindiga."

A yammacin nan na gyara shi, da baƙin hayaƙi a goshina. (Gas ne ya ƙare, na ƙara masa.) An ɗaura aure bayan babbar sallah, kuma har yau a gidan ba a kirana da sunana. Da na yi sallama sai tsohon ya ɗaga murya: "A shimfiɗa darduma, ga Sarkin Baka nan!"

Abin da na koya bai taka kara ya karya ba: a zafin Riyad babu uban da ke addu'ar Allah ya ba shi suruki mai gyaran bindiga.