Shela Daga Birnin Kano

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tona wa kaina asiri a tsakiyar kasuwar garinmu, alhali ni ina can birnin Kano, rungume da ƙafar wani bawan Allah da ban taɓa gani ba.

Ni ne mai shelar garinmu, wani ƙauye a bayan Dangora (ba zan faɗi sunansa ba, abin da ya same ni ya isa haka). Aikin gado ne. Mahaifina da baki ya yi, ni kuma zamani ya ba ni lasifika ta hannu mai batir. Akuya ta ɓata, ni ne. An yi haihuwa, ni ne. Saƙo ya zo wa Dagaci daga sama, ni ne dai. Boko kuwa aji uku na yi, shi ma malamin ne ya roƙi mahaifina ya ɗauke ni don sauran yara su samu su ji karatu.

To, ina da 'ya, Hassana, tana aure a Kano. Ta daɗe tana matsa mini in zo in yi kwana biyar in ga gari. Na ce mata ba hali, ranar Talata kasuwa za ta ci, kuma akwai shelar allurar shanu da za a yi don Fulanin da ke shigowa daga wajen Falgore su kai labari rugage.

Sai ta yi dariya ta ce, "Baba, ni fa ofishinmu yana Legas, ban taɓa taka ƙofarsa ba. Daga ɗakina nake aiki da kwamfuta. Kai da aikinka magana ce kawai, me zai hana ka yi ta waya?"

Maganar nan ta shige ni. Na je na durƙusa gaban Dagaci na ce, "Ranka ya daɗe, an samu ci gaba. Yanzu ma'aikaci ba sai ya zo wurin aiki ba."

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai ne ma'aikacin?"

Na ce ni ne. Na yi masa bayani: zan kira daga Kano, wani ya kara wayar a bakin lasifika, magana ta fita kamar ina nan.

Ya ce, "Je ka. Amma idan saƙon allurar nan bai isa rugage ba, ko ka jawo mini abin magana, lasifikar nan ta bar gidanku. Masu murya ba su ƙare a garin nan ba."

Na ce na yarda. Sauran wanda zai riƙe lasifika. A nan ne na yi wautar da har yau nake jin zafinta: na ba Sale. Sale taubashina ne, ɗan ƙanwar mahaifina. Tun muna yara ba ya kirana sai da "bawana", ni ma haka nake kiransa. Kuma kun san dokar taubasantaka, duk abin da ya yi maka ba ka da ikon yin fushi. Ni dai na duba ne na ga wayarsa ce ta fi ta kowa ƙara.

Kano kuwa, jama'a, gari ne! Na sha shiga, amma iyakata tasha da kasuwar hatsi, in juyo. Wannan karon Hassana ta ba ni wata waya ta shafe-shafe, ta zuba mata kati, ta haɗa mini da wata igiya mai 'yan kawuna biyu da ake cusawa a kunne, abin maganar yana lilo daidai haɓata. Idan ta gama aikinta na safe sai ta rufe kwamfuta ta ce, "Baba, tashi mu ga gari."

Ranar farko muka hau Dutsen Dala. Ina haki, ina kallon birni shimfiɗe har iyakar ganina, sai Sale ya kira wai tunkiyar Malam Audu ta ɓata. Na gyara tsayuwa a kan dutsen nan, na buɗe murya: "Jama'a, ana gaishe ku!" Wasu 'yan mata da ke ɗaukar hoto suka watse. Kafin la'asar an ga tunkiya. Rana ta biyu daga cikin adaidaita sahu na yi shelar suna, muna kan gadar sama, direban yana ta cewa, "Baba, a hankali, kunnena!" Na ci gurasa a Jakara, na zagaya Kurmi har na ɓata sau biyu, na je gidan zu na ga zaki yana barci kamar ba shi ba. Duk inda na zauna sai na sanar da mutane cewa aiki nake yi. Wani mai shayi ya tambaye ni a wace ma'aikata, na ce masa sashen yaɗa labarai.

Ranar Talata kaina ya riga ya kumbura. Hassana ta ce za ta kai ni wani katafaren kanti mai hawa-hawa, wanda sanyi ke fita daga bangonsa. Muna shiga, hantsi ya yi, Sale ya kira.

"Bawana, kasuwa ta cika. Ardo da mutanensa sun iso, ranka ya daɗe ma ga shi a rumfar mai goro. Fara."

Na samu gefen wani ginshiƙi na tsaya, na yi gyaran murya. Wallahi ban taɓa shela mai kyau irin ta ranar ba. "Jama'a, ana gaishe ku! Mai girma Dagaci ya ce a gaishe ku! Bayan gaisuwa, ranar Asabar masu allurar shanu za su zo filin makaranta! Kowa ya kawo nasa, babba da ƙarami! Wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba!" Sau uku na maimaita, har na ƙara da 'yar gaisuwar Fulatancin da na iya don Ardo ya ji daɗi.

Da na gama sai na shafa fuskar wayar da babban yatsa, kamar yadda na ga Hassana tana yi, na jefa ta aljihu. Na zare kawunan nan daga kunne na bar igiyar tana rataye a wuyana. (Tsohuwar wayata jan maɓalli gare ta, ka danna ka ji ɗif. Wannan kuwa ashe shafar da na yi ko a jikinta.) Ni ba na jin su, su kuwa suna jin ko numfashina. Sale kuma, maimakon ya kashe daga can, sai ya gyara riƙon lasifika.

Hassana ta ce mu hau sama. Sai ga mu gaban wata matakala ta ƙarfe da ke tafiya da kanta. Tana fitowa daga ƙasa tana hawa, ba mai tura ta. Yara ƙanana suna taka ta suna wucewa abinsu.

Na ce, "Hassana, ai ka ga irin wannan, da Dagacinmu ne da sai an canja masa wando. Mu kuwa da muka saba da birni, bismilla."

Na ɗora ƙafar dama. Ƙafar dama ta tafi. Ta hagu kuwa tana nan ƙasa inda na bar ta. Kafin in yi shawara da ita na ji ana buɗe ni kamar almakashi. Takalmi ɗaya ya fice, hula ta bi shi, na zube a kan abin nan, na cafki ƙafar wani mutum mai kwat da ke gabana na rungume. Sai muryar gado ta fito, wadda ake ji daga garinmu har gonakin bayan rafi:

"Wayyo Allah! Ku tsayar da ita! Inna! Wayyo Inna!" (Inna ta shekara ashirin da rasuwa, Allah ya ji ƙanta.)

Hassana tana bayana tana cewa, "Baba, miƙe tsaye kawai! Baba, ka saki mutum!" Ina! Na ɗaga kai na ga can sama matakalar tana shigewa cikin wani baki mai haƙora, ɗaya bayan ɗaya. Na ce shi ke nan, nan za a niƙa ni. Mutum kuwa idan ya ga mutuwa sai ya nemi shiri da Ubangijinsa.

"Ya Allah na tuba! Zabuwar Dagaci ni na ci! Ni na ci ta, da yaji! Ka fitar da ni, zan biya!"

(Bara ne zabuwar ta shigo gidana da ƙafarta. Kwana uku ina zagaya gari ina shelar ɓatanta, har da cewa duk wanda ya riƙe ta ya ji tsoron Allah.)

Abin nan ya kai ni sama ya ajiye ni a hankali, ko ƙwarzane babu. Mai kwat ya zare ƙafarsa ya ce, "Sannu Baba, Allah ya karɓi tuba." Wani mai gadi ya kawo mini takalmi da hula. Hassana ta zauna a ƙasa tana dariya har da hawaye. Na ce a raina, to alhamdu lillahi, duk wanda ya gani baƙo ne, ba mai kai labari gida.

Sai na ji igiyar wuyana tana wani ƙus-ƙus. Na ɗauki kai ɗaya na sa a kunne. Abin da na fara ji shi ne kasuwa, kasuwarmu, gaba ɗayanta tana ihu. Wata mata tana cewa a riƙe ta za ta faɗi. Sannan muryar Sale, a natse kamar mai karanta labarai:

"Bawana, ka sauka lafiya? Ranka ya daɗe yana tambaya, wandon nan da ka ce, a aiko maka da shi ne ko ka taho da naka?"

Ban san lokacin da na miƙa wa Hassana wayar na ce ta kashe ta, ta kashe ta har lahira ba.

Kwana biyu na ƙara a Kano ban leƙa ko ƙofar gida ba. Ranar da na dawo, tun daga Kwanar Dangora na san labari ya riga ni, domin ɗan acaɓan da ya ɗauke ni cewa ya yi, "Baba, riƙe ni da kyau, amma ban da ƙafa." Na wuce kai tsaye fada da lasifikar da na karɓo daga hannun Sale, na ajiye ta gaban Dagaci, na sunkuyar da kai. Na riga na sallama ta.

Ya dubi lasifikar, ya dube ni. Ardo yana gefe yana rufe baki da rawani, kafaɗunsa suna rawa.

Can Dagaci ya ce, "Ardo ya gaya mini babu rugar da labarinka bai shiga ba, har cikin Doguwa. Duk wanda ya ba da labarin matakala sai ya haɗa da na allura. Masu allura sun ce a kawo musu ƙarin magani." Ya turo mini lasifikar da ƙafa. "Ɗauki kayanka. Amma akwai shela ɗaya da ta rage. Talata mai zuwa za ka zagaya kasuwa, da ƙafarka, ka sanar da jama'a an ga zabuwata, ka kuma faɗi inda aka gan ta. Sannan ka kawo mini biyu."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ɗaya fa na ci."

Ya ce, "Ɗayar ta wando ce."

Haka aka yi. Na zagaya kasuwa sau uku, zabi biyu a hammata, Sale yana bina a baya yana amsa mini da "Gaskiya ne, bawana!" Fushi kuma ba dama.

Har yanzu ina zuwa Kano, kuma ina shela daga can idan ta kama, don aikin daga nesa ba shi da laifin komai. Abin da na koya dai shi ne, idan na gama magana sai na miƙa wa mai ilimi wayar ya tabbatar mini ta mutu, sannan in buɗe baki. Tuba kuma yanzu a zuci nake yin ta, tunda Allah yana ji ba sai da lasifika ba.