Farin Raƙumin Cikin Waya

Ba zan taɓa mantawa ba da Asabar ɗin da aka ɗaura auren ƙanena Sani a Shetimari. Har yau in na tuna sai in ji kamar in nutse.

Ni ɗan kasuwa ne a Diffa, shekarata arba'in ba biyu, da 'ya'yana huɗu da ɗan tumbina. Mai irin wannan fasali bai kamata a gan shi yana tseren raƙuma a waya ba, amma haka Allah ya jarrabce ni. Wasa ne da ake yi da mutanen duniya. Duk wata biyu masu shi sukan buɗe sabon zango, su sa kyauta, in wa'adi ya cika su rufe, abin da ba ka samu ba ya wuce ke nan. A wancan zangon farin raƙumi suka sa, mai sirdin azurfa, sai wanda ya ci tsere ɗari. Na ci casa'in da tara (kada ku tambaye ni mutum nawa suka gaji da sallama a bakin butik ɗina, wato shagona, suka wuce gaba). Za a rufe ranar Asabar ƙarfe sha ɗaya na safe. Ranar Juma'a kuma rezo, wato sabis ɗin waya, ya ɗauke ɗif.

Mahaifinmu ya rasu, dangi duk suna Damagaram, don haka ni ne wakilin ango. Gidan amarya kuwa Barebari ne manoman tattasai, tsofaffin gari. Shekara biyu muna zirga-zirga kafin waliyyinta, Ba Modu, ya yarda ya ba ɗan baƙi 'yar ƙanensa. Shi ma ya ce don ya ga yayan yaron mutum ne mai nutsuwa. Ni ke nan.

Muka isa da wuri, aka zaunar da ni a tabarmar gaba, gwiwata na gugar ta Ba Modu. Liman ya makara. Ina zaune sai na ji waya ta motsa a aljihu, rezo ya dawo. Na leƙa, saura minti goma sha biyu a rufe. Tsere ɗaya kuwa minti huɗu ne. Zuciyata ta ce ai babbar riga don irin wannan rana aka ɗinka ta. Na zura hannu biyu ciki, na sunkuyar da kai kamar mai tasbihi, na kashe sauti, na shiga.

Tseren farko na zo na uku. Na sake shiga, daidai lokacin da liman ya iso aka buɗe taro da addu'a. Kowa ya ɗaga tafin hannu biyu, ni kaɗai ne ba ni da hannu. Na dai riƙa cewa amin da ƙarfi don in cike gurbin. An faɗi sadaki, an kira shaidu, duk ina ji sama-sama, ga raƙumina ya sha gaban wani mutumin da ban san ƙasarsu ba. An ce sau uku Ba Modu ya furta cewa ya bayar. An ce sau uku liman ya tambaye ni ko na karɓa wa Sani. Wallahi ko ɗaya ban ji ba.

Abin da na ji shi ne iska a hannuna. Ba Modu ne ya ɗage hannun rigata da yatsa biyu, a zatonsa ciwo ne ya kama ni. Sai ga raƙuma suna sukuwa a gaban dattawan Shetimari, manyan yatsuna kuma ba su ma daina dannawa ba.

Tsohon bai ɗaga murya ba, ya ce, "Ɗana, ƙarasa. Yarinya ta jira shekara biyu, ba ta gaza jiran raƙumi."

Na kife wayar a tabarma, na ce na karɓa. Ya girgiza kai ya ce shi bai iya miƙa 'yarsa a hannun da ke cike, a samo wani. Tsohon abokin babanmu, mai sayar da goro, shi ya matso ya karɓi auren. Ni aka ja ni baya, na zauna kusa da takalma.

A mota muna komowa ba wanda ya yi mini faɗa, da ma an yi da ya fi mini sauƙi. Sai da muka ga fitilun mahaɗar Diffa Sani ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Yaya, abu ɗaya na taɓa roƙonka tun da Baba ya rasu."

Na goge wasan a ranar, kuma na koyi cewa duk taron da za a ce amin, mutum ya bar hannunsa a waje. An yafe mini, ana gaisawa lafiya lau. Amma bara da aka yi sunan ɗan Sani, aikin da aka ba ni shi ne tsaron tukunyar shayi.