Shanyar Batir

A shekarar farin nan, bayan arba'in ɗin Yaya Mamman, saƙo ya iske ni a Damagaram: Inna tana son ganin hotunansa da ke cikin kwamfutarsa, wadda ke hannuna. Ƙauyenmu na wajen Droum babu kuran, wato wutar lantarki, ita kuwa kwamfutar da an zare ta daga wuta sai ta mutu.

Matata ta ce in kai wa mai gyara. Raina ya ɓaci. Ni da na girma ina farfaɗo da batirin rediyo da zafin rana? Na cire batirin kwamfutar, na shanya shi bisa kwanon ɗaki. Na ce tunda ranar nan ta ƙone mana hatsi, yau ta yi mana aiki.

Da la'asar na tarar ya kumbura kamar fanke.

Mai gyara ya jujjuya shi, ya ce, "Malam, kilishi ka so yi?" Sabo kuma, in ji shi, sai an samo a Kano.

Tun ranar, in matan gidanmu za su shanya kuɓewa sai sun tambaye ni ko na bar musu wuri. Ni ban ga abin dariya ba. Har yanzu Inna ba ta ga hotunan ba.