Rasuwar Sannu-Sannu, Motar da Ba Ta Ga Teku Ba

Da zuciya mai nauyi, wadda baƙin ciki ya cika har wuya, Malam Mounkaila ɗan Damagaram, mazaunin hawa na goma a Rillieux-la-Pape ta arewacin Lyon, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki na Lyon da Paris rasuwar motarsa, farar nan mai dogon baya da kowa ya sani da suna Sannu-Sannu. Ta rasu tana da shekara goma sha ɗaya, shida daga ciki a hannunsa. Ranar rasuwar kam ba a san ta ba. Bakanike ya ce cikin Janairun wannan shekara ta 1985 ne, mai ita kuwa sai watan Agusta ya samu labari, kuma abin da ke cin ransa ke nan.

A Belleville ta Paris ya saye ta, a watan da matarsa Hassia ta iso daga gida. Da motar ya je ɗauko Hassia filin jirgi. Hassia ba ta tambayi gida ba, ba ta tambayi kasuwa ba, sai ta tambaye shi ina tekun nan da ake faɗa, domin ta tagar jirgi gajimare kaɗai ta gani. Mounkaila, da zumuɗin ango, ya buga ƙirji ya ce daga Lyon tafiyar rabin yini ce, kuma a cikin wannan motar zai kai ta, gari bayan gari, har sai ta gaji da kallon ruwa. Ya sayo taswira ya kafe ta da ƙusa huɗu a bangon kicin, ya ja layi da jan biro: Valence, Avignon, Marseille, Cassis, Toulon, Cannes, har Nice. Hassia da ba ta yi boko ba ta haddace sunayen nan tas, tana jera su tana tuƙa tuwo. Ta sayi tabarma, da babbar kular abinci, da takalman roba saboda yashi.

Marigayiya mai haƙuri ce, mai zumunci, ba ta san ƙyuya ba. Da safe takan yi tari biyu, ta ce "kirrr, kirrr, tuf", sannan ta tashi. Ƙofarta ta hagu tana gaisuwa da "ƙiii" ko ga wanda bai gaishe ta ba. Ba ta taɓa wuce kowa a hanya ba, shi ya sa aka laƙaba mata sunan, kuma duk wanda ya yi mata dariya Mounkaila yakan ce masa sannu ba ta hana zuwa. Ragowar karin maganar, wato sai dai a daɗe ba a je ba, Hassia ce ke ƙarasa masa.

To, kirkin nata shi ya ja mata. Wanda ke da mota cikin 'yan uwa a ƙasar mutane, ai ba mota gare shi ba, ajiyar jama'a aka ba shi. Agustan farko, Alhaji Illiassou na Belleville, wanda Mounkaila ke riƙe masa shagonsa na Lyon, ya ce a kai masa dilolin shadda Paris. Na biyu, masu tafiya gida hutu ne da akwatunansu. Na uku suna aka yi, na huɗu firijin wani Sa'idu, na biyar wallahi ko shi Mounkaila ya manta, amma dai wani ne ya ce "taimaka". Shi kuma mutum ne da kunya ta fi ƙarfinsa, in ya buɗe baki zai ce a'a, sai ka ji ya ce ba komai. Sannu-Sannu ta je Paris fiye da sau sittin, ta san kowane rami a hanyar arewa. Kudu kuwa ko sau ɗaya ba ta juya hancinta can ba.

Duk shekarun nan Hassia tana hawa na goma. Ta taga bene take gani, bayan benen wani benen, asansar kuma, wato na'urar hawa bene, in ta yi aiki yau sai ta huta kwana uku. Bara da Agusta ya wuce ba ta yi faɗa ba, ba ta yi kuka ba. Ta dubi taswirar ta ce, "Malam, baɗi ma zan tambaya. Daga nan na daina." Mounkaila ya ce da ma zagi ta yi masa, da ya fi sauƙi.

A nan ne ya yi dabara, kuma a nan ne ajali ya shigo. Tunda ba ya iya hana mota, sai ya ɓoye ta. Cikin Oktoba ya samu wata rumfa a bayan wani tsohon gida a Villeurbanne, ya baza labari cewa Sannu-Sannu ba ta da lafiya. Ya wanke ta, ya sake mata mai, ya sa sababbin tayu. Da ya leƙa lagireto ya ga ruwan ciki kore shar, sai ya ce kai, wannan ai ya ruɓe, motar da za ta je Nice ba ta sha wannan ƙazanta ba. Ya zubar, ya ɗauko babbar kwalba ya ɗura mata ruwan famfo garau har baki, yadda ya ga direbobi na yi a tashar Zinder tun yana yaro. Ya lulluɓe ta da tamfol ya koma hawa bas. Wata goma mutane na tsayar da shi suna tambayar ya mai jiki, yana cewa da sauƙi. Yakan je ranar Lahadi ya ɗaga tamfol ya shafa ta, amma bai taɓa tayar da ita ba, wai kada ta gaji.

Kowa ya san sanyin Janairun bana, wanda ya fasa bututun ruwa a gidaje. Ashe koren ruwan nan magani ne da ke hana daskarewa. Ashe ruwa in ya daskare kumbura yake yi, har ya tsaga ƙarfe. Wa zai gaya wa mutumin Damagaram wannan? Haka ta cika ita kaɗai a ƙarƙashin tamfol, ba mai jinya, maigidanta na can yana ƙara zanen jan biro.

Bana Alhaji Illiassou ya ba shi hutun kwana biyar, na farko cikin shekara shida. Ranar Litinin da safe Hassia ta soya kaji, ta cika kula, ta sa takalman robarta tun daga ɗaki, ta zauna gaba da taswira a cinya. Mounkaila ya yi bisimilla ya murɗa makulli. Marigayiya ta ce "kirrr", sau ɗaya, ba tari, ba "tuf". Tsohon bakaniken da aka kira ya zura yatsa cikin tsagar injin, ya tambaya wane ne ya zuba mata ruwan famfo. An ba Mounkaila shawarar su hau jirgin ƙasa, ya ce jirgin ƙasa ba ya tsayawa inda ka ce a tsaya, kuma shi a wannan motar ya yi alkawari. Ya yi ta jan gawa daga gareji zuwa gareji. Ranar da ya sauko daga taurin kansa, hutun ya ƙare. Hassia ta mayar da taswirar kan ƙusoshinta, kajin kuma maƙwabta suka ci.

Sannu-Sannu ta rasu ta bar maigidanta, wanda ke jin shi ya kashe ta da hannunsa, kuma gaskiyarsa. Ta bar Hassia, wadda ta cika maganarta, ba ta sake tambaya ba. Ta bar tayu huɗu da ba su taka kwalta ba, da tabarma a naɗe, da mutum fiye da arba'in da har yau ba su san inda ake sayen tikitin jirgin ƙasa ba. Malam Mounkaila yana neman gafarar duk wanda ya ce wa "da sauƙi". Ya ɗauka ƙarya yake yi, ashe ma abin ya wuce nan.

Game da jana'iza, Alhaji Illiassou ya karɓi gawar. Za a ɗora ta a kan babbar mota ranar Alhamis da ƙarfe bakwai na safe a Villeurbanne, a bi ta Valence da Avignon zuwa tashar jiragen ruwa ta Marseille. Daga can za ta yi mako uku a kan teku zuwa Cotonou, sannan Maraɗi, inda bakanikai za su raba gadonta. Salifou, yayan Hassia, shi ne direban, kuma kujera ɗaya ce a gefensa, Hassia ta ce tata ce. Dattawa sun ce mata ba sa bin gawa, Hassia ta ce a nuna mata malamin da ya faɗi haka a kan mota. Ta riga ta cire taswirar, sai ramin ƙusa huɗu a bango. Mounkaila ya miƙa mata kwalbar nan da ya ɗura ruwan famfo da ita, ya roƙe ta ta ciko masa ita daga teku. Ta karɓa ta sa a jaka.

Za a karɓi ta'aziyya a shagon Alhaji na Lyon, daga ƙarfe takwas na safe zuwa bakwai na yamma. Malam Mounkaila yana can bayan kanta, ba inda za shi. Ana roƙon masu zuwa, don Allah, kada kowa ya ce masa Allah ya kai mu baɗi.