Madugu Ya Ɗauki Sale, Ya Bar Jibo

"Lahiya lau, sai gajiyar shiri," in ji Sale, yana gyara rawani kamar ango.

Jibo, zaune gindin tsamiya, bai tambayi shirin me ba. Taubasai ne, Sale ɗan kawunsa, shekara talatin suna bin ayari ɗaya daga Tasawa zuwa Kano. Bana Madugu Sidi ya ce ba ya tafiya da tsohon da zai zama kaya a hanya. Jiya da hantsi ya zaunar da tsofaffi a ƙasa, ya ja su da hira har ƙafafu suka yi tsami, sannan ya ce a tashi. Wanda ya miƙe ba dafawa, ya shiga ayari. Sale ya miƙe. Jibo ya dafa ƙasa, har sau biyu.

Jibo ya ce shi cinnaka ya kashe, madugu ne bai duba da kyau ba. Sale ya tambaya ko cinnakan biyu ne.

"Kai ko zama ba ka yi ba, tsugunne kake kamar kaza bisa ƙwai. Na gan ka."

Sale ya rantse cewa ya zauna jiya. Ya ƙara da cewa mazagin wandon Jibo yanzu sau biyu yake zagaya ƙugu, kuma da suka gaisa da madugu, madugu ya zaci reshen zogale aka miƙa mashi. Jibo ya ce mai haƙori uku bai isa ya auna ƙarfin kowa ba, goro ma sai an daka mashi.

"Da ƙafa ake zuwa Kano, bawana, ba da haƙori ba."

"To zauna nan, sosai, ka tashi in gani."

Sale ya zauna. Da ya yunƙura, gwiwoyinsa suka yi ƙara kamar ana karya kara, ya yi tangaɗi, amma ya miƙe, hannuwansa a sama. Jibo ya daɗe yana kallonsa, yana neman abin kushewa, bai samu ba. Sai dariya ta ƙwace mashi.

"Shiga gida ka kwance jakina. Ya fi ka sanin hanya. In ka gaza, shi ya maido mani kai."